Caca a Cikin Waya: Ko Akwai Hanyar Yin Ta Lafiya?

DARASI DON IYALIN KIRISTA

Nassosin karatu: 1 Timoti 6:6-10, 17-19, Karin Magana 13:11 da 28:19-22, Luka 12:13-21, Galatiyawa 6:1-5.

Ayar haddacewa: Ibraniyawa 13:5.

Manufar darasi: Mu fahimci yadda cacar waya take aiki, mu auna ta da Maganar Allah, mu kuma san abin da za mu yi domin tsare gidajenmu da komo da wanda ya riga ya faɗa ciki.

GABATARWA

Wata ranar Lahadi bayan an tashi sujada a Kachia, wani saurayi daga ƙungiyar matasa ya biyo ni har gindin mangwaron da na ajiye babur. Ya rusuna ya gaishe ni, ya ciro wayarsa, ya ce, "Baba, ina da tambaya, amma don Allah kada ka yi fushi. Abokina ya sauke wata manhajar cacar ƙwallo, ashe ta jabu ce, aka kwashe kuɗin asusunsa kaf. Ni ina so in san yadda zan sami ta gaskiya, in yi amfani da ita lafiya lau ba tare da an cuce ni ba."

Na ce masa, "Ɗana, tambaya biyu ka ɗaure da igiya ɗaya. Ta fari ita ce yadda za ka tsare wayarka daga ɓarayi, kuma tana da amsa. Ta biyu ita ce yadda za ka yi caca ba tare da ta ci ka ba. Wannan kuwa sai mun zauna da Littafi Mai Tsarki a hannun dama, alƙalamin lissafi a hannun hagu."

Ƙaunatattu cikin Almasihu, wannan darasi shi ne zaman nan. Yaron ya yi ƙarfin hali ya tambaya. Da yawa cikin 'ya'yanmu, da mazajenmu, har da waɗansu masu riƙe da aiki a ikkilisiya, ba su tambayi kowa ba. Manhajar tana cikin aljihunsu suna zaune tare da mu a sujada.

1. YADDA CACA TA BAR SHAGO TA SHIGO ƊAKI

Caca ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Dattawa suna tune da masu karta a bayan kasuwa da tashar mota, da kuma shagunan "pul" inda ake cika takarda da hasashen wasannin ƙwallon Ingila na ranar Asabar. Wannan irin caca ta takarda ta yi ƙarfi a Ingila tun daga 1923, lokacin da kamfanin Littlewoods ya soma ta, daga baya ta iso mana. A 2001 aka kafa Premier Lotto a Legas, wanda jama'a suka fi sani da Baba Ijebu. A wannan shekara ce kuma wayar salula ta GSM ta soma aiki a Nijeriya. Nairabet ya soma cacar wasanni ta intanet a 2009, Bet9ja ya biyo baya a 2013, sa'an nan waɗansu irin su SportyBet da BetKing suka shigo. Da asusun waya irin na OPay da PalmPay da Moniepoint suka yaɗu, sai tura kuɗi ya zama aikin daƙiƙa kaɗan.

A dā akwai shinge uku tsakanin mutum da caca. Na fari kunya, gama sai ya taka zuwa shago mutane suna ganinsa. Na biyu lokaci, gama dare yana yi a kulle shago. Na uku kuɗin aljihu, gama in sun ƙare sai ya koma gida. Waya ta rushe dukan ukun. Ba mai ganinsa, ba a kulle ƙofa, asusun banki kuma yana haɗe da manhajar. Ba ma sai an jira Asabar ba. Akwai wasannin ƙwallo na kwamfuta da suke ƙarewa cikin 'yan mintoci, akwai kuma na ƙaramin jirgin sama da yake tashi ya ɓace cikin daƙiƙoƙi. Mutum yana iya zubar da kuɗin wata guda kafin a gama dafa tuwon dare.

Dole mu faɗi gaskiya game da abin da yake tura matasanmu. Kachia ƙasar citta ce. A daminar 2023 cutar ruɓewar citta ta cinye gonaki a Kachia da Kagarko da Jaba da sauran sassan kudancin Kaduna, iyalai da yawa suka rasa amfanin gona har da irin shuka. A shekarar ce kuma aka cire tallafin man fetur, farashin komai ya tashi. Saurayin da ya gama makaranta ba aiki, ya ga gonar mahaifinsa ta ruɓe, in aka nuna masa hoton wanda ya sa naira 100 ya ci miliyan, ba abin mamaki ba ne zuciyarsa ta karkata. Kada mu yi masa ba'a. Amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma masu tallar caca sun san inda bangonmu ya tsage.

Game da doka kuwa, Majalisar Tarayya ta yi dokar caca ta ƙasa a 2005. Ran 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kula da caca hurumin jihohi ne, dokar tarayya ba ta da iko sai a Babban Birnin Tarayya. A Jihar Kaduna, hukumar tattara haraji ta jiha, wato KADIRS, ita ce take rajistar kamfanonin caca. Kamfanoni masu lasisi ba su da izinin karɓar wanda bai kai shekara 18 ba. Sai dai mu lura da ma'anar lasisi. Yana nuna cewa hukuma ta san kamfanin, tana kuma karɓar haraji daga gare shi. Ba ya yi wa kowa alkawarin cewa kuɗinsa za su dawo.

2. HASARAR DA TAKE SHIGOWA TA TAGA

Mu fara da tambayar yaron ta fari, gama abin da za a faɗa a nan ya shafi kowane mai waya, ko bai taɓa caca ba.

Manhajojin caca da yawa ba daga Play Store ake samunsu ba. Akan sauke su daga shafin intanet a matsayin fayil da ake kira APK, kuma kafin su shiga sai mai waya ya ba da izinin saka manhaja daga wurin da wayar ba ta sani ba. Wannan izini kamar cire sakatar taga ne. Mazambata sukan ƙera manhaja mai kama da ta sanannen kamfani, da launinsa da tambarinsa, su yaɗa ta a WhatsApp da Telegram da Facebook tare da alkawarin kyautar kuɗi. In ta shiga waya sai ta nemi izinin karanta saƙonnin tes, da ganin sunayen mutanen da ke cikin wayar, da sarrafa fuskar wayar. Wanda ya iya karanta saƙonninka ya iya karanta lambar OTP da banki yake aiko maka, wanda kuwa ya sami wannan lamba tare da bayanan katinka ya sami mabuɗin rumbunka.

Ga ka'idodi shida da ya kamata kowane gida ya riƙe:

(a) Kada a taɓa mahaɗin da aka turo cikin saƙo domin sauke manhaja, ko da daga aboki ya fito, gama ana sace asusun WhatsApp a yi saƙo da sunan mai shi.

(b) A bar izinin saka manhaja daga wurin da ba a sani ba a kashe, a bar Play Protect a kunne.

(c) Manhajar da ta nemi karanta saƙonni, ko sunayen mutane, ko hotuna, alhali aikinta bai shafi waɗannan ba, a ƙi ba ta, a kuma goge ta.

(d) Lambar sirri ta kati, da OTP, ba a faɗa wa kowa, ko wanda ya kira ya ce shi ma'aikacin banki ne. BVN da NIN kuma ba a rubuta su a shafin da ba a tabbatar da shi ba.

(e) Duk wanda ya ce ka ci kuɗi amma sai ka biya wani abu kafin a sakar maka, ɓarawo ne. Haka ma mai sayar da "tabbataccen sakamako". Da ya san sakamakon da gaske, da ba ya bukatar naira dubu biyunka.

(f) Kowa ya tambayi bankinsa lambar rufe asusu ta gaggawa, ya rubuta ta a takarda ya ajiye a gida. In an ga kuɗi sun fita ba da sani ba, a rufe asusu nan take, a tafi banki, a kai rahoto ga 'yan sanda.

Wanda ya kiyaye waɗannan ya kulle taga. Saura ƙofa.

3. HASARAR DA AKE BUƊE WA ƘOFA

A ce yanzu manhajar ta gaskiya ce, kamfanin yana da lasisi, yana kuma biyan duk wanda ya ci. Bari mu ɗauki alƙalami.

A ce akwai wasa tsakanin ƙungiya biyu masu ƙarfi ɗaya, ba kuma kunnen doki. Da za a yi rabon daidai, wanda ya sa naira 1,000 ya ci sai a ba shi 2,000. Amma kamfani ba ya ba da ninki 2. Yakan ba da ƙasa da haka, a ce 1.90. Mutum 100 suka sa naira 1,000 kowannensu, 50 a wannan gefe, 50 a wancan. Kamfani ya karɓi naira 100,000. Ko wace ƙungiya ce ta ci, zai biya mutum 50 naira 1,900 kowanne, wato 95,000. Naira 5,000 ta zauna a hannunsa tun kafin alƙalin wasa ya busa usur. Kamfanin ba caca yake yi ba, kasuwanci yake yi da lissafi. Masu caca su ne mutanen 100.

Matasanmu kuwa ba wasa ɗaya suke sawa ba. Sukan jera wasa 10 ko fiye a tikiti ɗaya domin kuɗin ci su yi yawa. In kowane wasa rabi da rabi ne, damar a dace da duka 10 ita ce ɗaya cikin 1,024. A ce mutum 1,024 suka sa naira 100 kowanne, kowa da irin jerinsa. An tara naira 102,400. Mutum ɗaya ne zai ci, kuma a kan ninki 1.90 abin da zai samu bai wuce naira 61,300 da 'yan kai ba. Fiye da naira 41,000 ta rage wa kamfani. Wato yawan wasannin da ka jera, yawan rabon da kamfani yake yanka. Hoton mutum ɗayan nan za a yi ta yaɗawa. Sauran 1,023 ba mai ɗaukar hotonsu.

Akwai wani abu kuma. Cikin mutanen nan 1,024, guda 10 za su dace da wasa tara, ɗaya ya kuɓuce musu. Su ne za ka ji suna cewa, "Wasa ɗaya tak ya yanke mini tikiti." Suna ganin sun kusa. Lissafi kuwa ya nuna cewa kuskure da wasa ɗaya ya fi ci aukuwa har sau goma, ba ya kuma ƙara wa tikitin gobe ko ƙwayar dama. Wannan "saura kaɗan" ita ce ƙugiyar da take komo da mutum.

Kyautar maraba da ake ba sabon shiga ita ma tana da sharaɗi: yawanci ba a cire ta sai an yi caca da ita sau da yawa. Ai banza ba ta kai zomo kasuwa. In mutum ya yi hasara sai ya ce bari ya ƙara domin ya mayar da abin da ya ɓata. Kuɗinsa sun ƙare, sai ya koma ga manhajojin ba da rance masu ruwa mai yawa. Waɗansunsu sun yi ƙaurin suna wajen aika wa dangin mai bashi da abokansa saƙon tozarci, har hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin waɗansu a Legas a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji ganin sunaye da hotunan cikin waya a 2023. Garin neman gira an rasa ido.

Mai cewa "kuɗi kaɗan ne" ya lissafta. In abin da yake zubewa daga hannunsa naira 500 ce a rana, a shekara ta zama naira 182,500. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta tsayar a 2024 naira 70,000 ne a wata. Wato ya zubar da fiye da albashin wata biyu da rabi. Kowane manomi ya san abin da wannan kuɗi zai yi a wajen taki, ko irin citta, ko kuɗin makaranta.

4. ME MAGANAR ALLAH TA KOYA MANA?

Kada mu ƙara wa Nassi abin da bai faɗa ba. Babu ayar da ta ambaci cacar ƙwallo ko waya. Amma Littafi Mai Tsarki ya yi magana sarai a kan kowane abu da caca ta ginu a kansa.

Na fari, mu masu riƙon amana ne. Zabura 24:1 ta nuna cewa duniya da abin da ke cikinta na Ubangiji ne. Cikin misalin talanti (Matiyu 25:14-30) maigida ya komo ya bukaci lissafi daga kowane bawa. Kuɗin da ke asusunka amana ce, ciki kuwa akwai hakkin matarka, da 'ya'yanka, da iyayenka tsofaffi. Bulus ya yi magana mai zafi a 1 Timoti 5:8 a kan mai bi da ya ƙi kula da mutanen gidansa.

Na biyu, caca tana rayuwa ne a kan marmarin yin arziki farat ɗaya. A 1 Timoti 6:6-10 manzo bai la'anci kuɗi ba, amma ya kwatanta masu ƙudurin sai sun yi arziki da dabbar da ta faɗa tarko, ya kuma nuna son kuɗi a matsayin saiwar da miyagun abubuwa iri iri suke tsirowa daga gare ta. Karin Magana 13:11 ta gwada dukiyar da aka samu a banza, wadda takan zube, da wadda aka tara kaɗan kaɗan, wadda takan haɓaka. Hausawa ma sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na uku, hanyar da Allah ya shirya ta samun abinci ita ce aiki (Farawa 2:15; 2 Tasalonikawa 3:6-12). Afisawa 4:28 ta ƙara da dalili: mu yi aikin kirki da hannunmu domin mu sami abin taimakon mabukaci.

Na huɗu, ƙaunar maƙwabci. In tikitinka ya ci, daga ina kuɗin suka fito? Kamfani ba ya noma, ba ya ƙira. Kuɗin ɗan acaɓa ne da ya yini a rana, da na ɗalibin da ya sa kuɗin jarrabawa, da na magidancin da ya koma gida ba cefane. Farin cikinka ba ya yiwuwa sai da baƙin cikinsu. Yaya wannan zai zauna da Romawa 13:10?

Na biyar, ga wa muke dogara? A Ishaya 65:11-12 Ubangiji ya tsauta wa mutanensa da suka rabu da shi suka shirya wa gumakan sa'a da ƙaddara tebur. Mai bi da yake neman lambobi cikin mafarki, ko yake kai tikiti wurin wani mai kiran kansa annabi domin ya sa masa albarka, yana bakin wannan tebur.

Na shida, 'yanci. A 1 Korintiyawa 6:12 Bulus ya koya mana tambaya biyu a kan abin da ba a hana ba: yana da amfani? Ya mallake ni? Wanda ba ya iya sauraron wa'azi sai ya leƙa sakamako a ƙarƙashin benci ya riga ya sami amsa.

5. HUJJOJI UKU DA AKAN KAWO

"Noma ma ai caca ne, dubi abin da ya sami citta." Gaskiya ne manomi yana iya hasara. Amma dubi bambancin. Manomi ya shuka citta da farkon damina, ya rufe ta da ganye, ya yi noma, ya haƙa da kaka, ya tsaga ya shanya. In Allah ya ba da albarka, an sami abin da dā babu shi: manomi ya amfana, ɗan ƙwadago ya amfana, mai mota da ɗan kasuwa da mai saye duk sun amfana. Hatsarin gona ba manomi ne ya ƙirƙire shi ba, yaƙi yake yi da shi. A caca kuwa ba a samar da komai, hatsarin ma da gangan aka ƙera shi domin kuɗi su bar aljihun mutane da yawa su koma na kaɗan.

"Ai an jefa ƙuri'a a Littafi Mai Tsarki." An jefa, wajen rabon ƙasa (Yoshuwa 18:10) da wajen zaɓen Matiyas (Ayyukan Manzanni 1:23-26). Amma ba wanda ya sa kuɗi, ba wanda ya tafi da na ɗan'uwansa. Neman nufin Allah ake yi cikin addu'a, bayan saukowar Ruhu Mai Tsarki kuma ba mu sāke ganin manzanni sun yi haka ba. Wurin da aka jefa ƙuri'a domin wani ya tafi da kaya shi ne gindin gicciye, inda sojoji suka yi ta a kan rigar Ubangijinmu (Yohanna 19:23-24).

"In na ci zan fitar da zakka, in taimaka wa ginin majami'a." Allah ba abokin tarayyar tikiti ba ne. Sarki Shawulu ma ya kawo irin wannan hujja, annabi Sama'ila kuwa ya nuna masa cewa Ubangiji ya fi son biyayya da hadaya (1 Sama'ila 15:13-23). Yesu ya yabi gwauruwa mai 'yan tagulla biyu (Markus 12:41-44), ba don yawan baikonta ba.

6. SA'AD DA CACA TA ZAMA CUTA

Likitoci sun tabbatar da abin da iyaye mata suka daɗe da gani. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa jarabar caca a rukuni ɗaya da ta giya da ƙwaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma ta lissafta ta cikin kundin cututtukan da ya soma aiki a Janairu 2022, a ƙarshen 2024 kuma ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 1.2 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna fama da ita. Kiran abin cuta ba ya ɗauke alhaki, amma yana bayyana dalilin da faɗa da zagi kaɗai ba sa raba mutum da ita.

Ga alamun da iyali za su lura da su: ɓoye waya da saurin fushi in an taɓa ta, rashin barci, yawan neman rance da dalilai masu sāke kama, ɓacewar ƙananan kaya ko hatsi daga rumbu, kuɗin makaranta da aka bayar amma ba su isa makaranta ba, murna mai yawa yau, baƙin ciki mai tsanani gobe, janyewa daga zumunci. Iyaye mata su lura ƙwarai. Da yawa sukan miƙa wa ɗa wayarsu da lambar sirri domin ya taimaka da tura kuɗi, kuma a cikin asusun nan ne kuɗin citta, ko na adashe, ko na Zumuntar Mata suke kwana.

7. ABIN DA ZA MU YI

Ga wanda yake so ya fita:

(a) Ka furta wa Allah, ka kuma faɗa wa mutum ɗaya amintacce dukan gaskiya, har da jimlar bashin (1 Yohanna 1:9; Yakubu 5:16). Caca a ɓoye take ƙiba.

(b) Ka cire abin da ya rage, ka nemi kamfanin ya rufe asusunka. Masu lasisi da yawa suna da wurin neman haka. Ka goge manhajar, ka fita daga zaurukan masu ba da hasashe. Akwai manhaja ta kyauta mai suna BetBlocker da take toshe shafukan caca. Ubangiji ya koyar a Matiyu 5:29-30 cewa abin da yake sa mu tuntuɓe ba a lallashinsa, yanke shi ake yi. In ya kama ka koma ƙaramar waya marar intanet na 'yan watanni, ka koma.

(c) Ka ba matarka, ko mahaifinka, ko wani dattijo riƙon katinka na ɗan lokaci. Wannan ba ƙasƙanci ba ne, hikima ce.

(d) Ka rubuta dukan bashi, ka je wurin masu shi, ku shirya biya kaɗan kaɗan. Abin da ya tafi ya tafi. Kada ka bi shi da wani tikiti. In ka ɗauki abin wani, ka bi gurbin Zakka mai karɓar haraji (Luka 19:1-10).

(e) In tunanin kashe kai ya zo maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Ka faɗa wa wani yau, a kai ka asibiti. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, Kaduna, kuma zuwa can ba rashin bangaskiya ba ne. Ranka ya fi kowane bashi daraja.

Ga iyaye: ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku zauna da yara ku yi lissafin da ke sashe na 3 tare. A wayar ƙaramin yaro a sa Family Link na Google, wanda yake ba iyaye iko a kan abin da za a sauke. Ku canja lambar sirrinku, ku riƙa duba saƙonnin banki da kanku ko tare da wani na biyu. Kada ku riƙa biyan bashin mai caca a ɓoye sau da sau, gama yin haka share masa hanya ne. Uba kuma ya duba tasa wayar kafin ya duba ta ɗansa.

Ga ikkilisiya: kada kuɗin kowace ƙungiya su zauna a asusun mutum ɗaya, a sa hannu biyu, a karanta rahoto a kai a kai. Wannan kāriya ce ga ma'aji kansa. A taimaki matasa da koyon sana'a da ƙaramin jari. Wanda ya fito ya furta kuwa, a karɓe shi yadda Galatiyawa 6:1-2 ta umarta, da tawali'u, kowa yana lura da kansa. In muka mai da mai tuba na fari abin hira a gari, na biyu ba zai taɓa buɗe baki ba.

KAMMALAWA

Da muka gama lissafin da yaron nan, ya yi shiru yana duban takardar, sa'an nan ya ce, "Ashe Baba, ko ta gaskiyar ma ci take yi." Na ce haka ne. Ana iya kulle taga, ya kuwa kamata a kulle. Amma ba wata dabarar saka manhaja da za ta canja lissafin da aka gina ta a kansa, ko ta tsare zuciya daga abin da take shukawa. Mai arzikin nan na Luka 12 ya iya lissafin rumbuna, ya manta da lissafin ransa. Ibraniyawa 13:5 ta ɗora gamsuwarmu a kan alkawarin kasancewar Allah tare da mu, a shekarar da citta ta yi kyau da shekarar da ta ruɓe.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Waɗanne shinge uku ne waya ta rushe? Wane sabon shinge gidanmu zai iya kafawa?
2. Ku sāke yin lissafin mutum 100 da bakinku. Wa yake da tabbacin riba?
3. Mene ne bambancin hatsarin noma da na caca?
4. Wa ya san lambar sirrin asusun Mama da na Baba? Ya dace haka?
5. In ɗan gidan nan ya furta cewa ya ci bashi saboda caca, yaya za mu karɓe shi?

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, kai ne mai ciyar da mu. Ka gafarta mana inda muka sa zuciya ga sa'a maimakon gare ka. Ka kwance 'ya'yanmu da 'yan'uwanmu da wannan tarko ya kama, ka ba su ƙarfin halin faɗar gaskiya, mu kuma ka ba mu zuciyar karɓarsu. Ka sa albarka ga gonakinmu da aikin hannuwanmu, ka buɗe wa matasanmu hanyar halal. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.